Yadda Bizata Ta Mutu A Hannun Aminin Babana

Assalamu alaikum Edita, da fatan kuna lafiya ku da masu karatu. Mutanen da ke cikin wannan labari suna raye, wasu ma kullum sai mun gaisa, don haka ba zan kama sunan kowa ba, har nawa. A lokacin da abin ya faru ni bazawara ce, ina koyarwa a firamaren garinmu, wani ƙauye tsakanin Bagwai da Bici, irin garuruwan nan da gonar wannan take manne da ta wancan, idan aka yi haihuwa da safe kafin azahar ƙauyuka uku sun ji. Aurena na fari bai yi ƙarko ba, na dawo gida da 'ya ɗaya mace. Mahaifina malami ne, magidanta ke zuwa zaurensa da littattafansu bayan asuba, in rana ta ɗaga kuma ya saɓi fartanya ya nufi gona kamar kowa. Mutum ne mai magana ɗaya, kuma ni a rayuwata ban taɓa musa masa ba. Ina faɗin wannan ne don a fahimci abin da zai biyo baya.

Yayana ne silar shigata Sinanci, wato yaren mutanen Caina, ko da yake bai yi da niyya ba. Yana kai riɗi da zoɓo Kano, kuma duk ranar da ya yi ciniki da 'yan Caina sai ya dawo yana mita. Ya ce mutumin zai yi magana doguwa har da nuni da hannu, amma tafinta ya juyo ya ce wai a rage kawai ya ce. Abin ya riƙa ba ni dariya, daga baya ya koma ba ni haushi. Na fara sauraren darussa a waya ina tankaɗe, ina wanki, ƙannena suna kwaikwayona suna cewa na koma kyanwa. Da na ji akwai ajin ƙarshen mako a Kano sai na shiga, ina bin motar Bici da sassafe in dawo da yamma. Ban san na yi nisa ba sai ranar da aka ce ina cikin waɗanda za a tura wata makaranta a kudancin Sin su yi zango ɗaya suna koyon harshen a bakin masu shi.

Baba ya ce a'a tun kafin in rufe baki. Mace, ita kaɗai, ƙasar da ba ya jin ko kiran salla ana yi? Na haƙura har na daina zancen. Sai ga wani Alhaji ya zo gaisuwa. Mutumin ƙauyen gabanmu ne, ya yi karatu a zauren Baba yana saurayi, daga baya ya faɗa fatauci har ya zauna a Caina shekaru masu yawa yana auno kaya. Shi ya yi wa masallacin garinmu rufi, kuma duk zuwansa gida sai ya tuɓe takalmi tun daga nesa ya durƙusa gaban Baba. Da ya ji maganar sai ya ce ai makarantar a birnin da yake take, ya ce wa Baba ai ni ma 'yarsa ce, Baba ya bar masa amanata. A kan wannan Baba ya sauko. Ranar da zan tafi ya kira ni zaure ya ce duk abin da Alhaji ya ce in yi, in ɗauka shi ne ya faɗa. Na bar 'yata a wurin Inna, na tafi.

Watannin farko sun yi mini daɗi fiye da yadda na zata. Birni ne mai zafi da ruwan sama, mutane kamar an buɗe musu ƙofa. Na samo wani shagon taliya na Musulmin ƙasar, masu fararen huluna, nan nake cin abincina hankali kwance. A aji kuwa malamarmu wata 'yar siririyar mace ce mai tabarau, ba ta da yawan dariya, kuma ita ce ke kula da takardun ɗalibai baƙi. Tana da yawan tambaya. Ina kika je ranar Asabar, wa ya kai ki, a ina kika kwana, wane ne wannan mutumin da ke kiranki. Tun makon farko Alhaji ya ja mini kunne a waya cewa mutanen nan ba a sakin jiki da su, duk abin da na faɗa wa malama kafin yamma ya isa kunnen hukuma, kuma ba sa ƙaunar baƙar fata, fuska ce kawai. Da na ɗaga kai na ga kyamarori a kowane lungu, sai na ce lallai Alhaji ya san abin da yake faɗa. Daga nan duk tambayar da matar nan ta yi mini sai na auna ta kafin in amsa, in ba ta rabi in riƙe rabi.

Zangon ya doshi ƙarewa daidai lokacin da bakina ya fara buɗewa. Na fara jin hirar mutane a jirgin ƙarƙashin ƙasa, na fara mafarki da harshen. Akwai jarrabawar da in mutum ya ci ake ba shi shaidar da za ta yi masa amfani a ko'ina, kuma malama ta ce in na ƙara zango ɗaya zan iya cin ta. Makaranta ta yarda in ci gaba, Baba ma ya yarda da Alhaji ya sa baki. Saura biza, domin ta ɗan gajeren lokaci aka ba ni. Malama ta ce in kawo fasfona da wuri, makaranta za ta rubuta takarda, mu je ofishin shige da fice tare. Da na gaya wa Alhaji sai ya yi salati kamar na ce zan faɗa rijiya. Ya ce kada in kuskura, ta hanyar makaranta ƙin mutanenmu ake yi, kuma in aka ƙi sau ɗaya an buga mini tambarin da ba ya gogewa. Shi yana da mutum a ciki, shekara da shekaru yana yi wa 'yan kasuwa. Ban gamsu ba, na kira Baba. Baba ya ce me na tsaya tambaya, ba ya riga ya gaya mini ba? Ranar Asabar na shiga jirgi na tafi can ɗaya ƙarshen birnin, na hau benen kasuwar da shagonsa yake, na miƙa masa fasfona da hannu biyu. Ya jefa shi a aljihun tebur ya murɗa makulli, ya ce in ɗauka an gama.

Tun ranar ya ce tunda na zo in ɗan taya shi magana da wani mai kamfanin takalma. Na yi, ya ji daɗi, ya ce in riƙa zuwa duk ƙarshen mako. Na tuna masa an gaya mana ɗalibi ba ya aiki, ya ce wane aiki, 'ya ce ke taimakon ubanta. Da na koma makaranta malama ta tambaye ni fasfo, sai na ce yana ofishin jakadancinmu ana gyara wani abu. Ta dube ni ta saman tabarau. Bayan kwana biyu ta sake tambaya. Ta ce duk ofishin da ya karɓi fasfon mutum yana ba shi 'yar takardar shaida ya riƙe, ina tawa? Na ce na manta ta a ɗaki. Na koma gudunta, in na hango ta a matakala sai in bi ta wancan gefen. Wata rana da yamma ta zo har ɗakin kwananmu da lemo a leda, ta ce ta ga na rame. Na karɓa a bakin ƙofa ban ce ta shigo ba, don na tabbata leƙen ɗakina ta zo yi. Lemon nan ban sha ba, abokiyar zamana na ba.

Amma ita 'yar takardar shaidar ta tsaya mini a rai. Na tambayi Alhaji, ya yi dariya ya ce wannan ta masu bin layi ce, manya ba sa buƙatarta. Makon gaba ya ce mutumin nasa ya yi tafiya. Na gaba ya ce ana hutun bikinsu. Na gaba kuma wai na'urarsu ce ta sami matsala. Da ranar da ke jikin bizar ta matso na kasa cin abinci, ya ce in kwantar da hankalina, muddin fasfo yana hannun hukuma kwanan wata ba ya aiki. Ranar ta zo ta wuce. Na zama in na hango ɗan sanda sai in shige shagon da ban da abin saye a ciki. A wannan tsakanin ne kuma muryar Alhaji ta fara canzawa. Da 'yata yake ce mini, sai ya koma Malama, ya koma ranki ya daɗe. Ya riƙa tambayata ko ba na gajiya da zaman ɗakin ɗalibai, ya ce yana da gida babba ba kowa a ciki, iyalinsa duk suna Najeriya. Ya ce karatun nan me zai ƙara mini, ai abin da na iya ya isa riƙe shago.

Na kira Baba na ce hankalina bai kwanta ba. Ban ma kai ga zancen canjin murya ba, don kunya ba za ta bar ni ba, na tsaya a kan fasfo kawai. Baba ya yi fushi irin wanda ban saba ji ba. Ya ce jiya-jiya suka yi waya da Alhaji, ya rantse masa fasfo yana ofis. Ya tuna mini mummunan zato zunubi ne, ya ce ko dai zaman can ya fara koya mini raina manya? Na ba shi haƙuri na kashe waya. Can sai ga kiran Inna, daga jin yadda take magana ta shige ɗaki ta rage murya. Ta ce ita ba ta san komai game da biza ba, amma akwai abin da ke damunta. Kwanan nan motar gidan Alhaji ta zo da buhun shinkafa da atamfofi, ba salla ba biki. Kuma ƙanwarsa ta tare ta a gidan suna tana tambayarta wai tun yaushe na gama idda, kuma ko akwai wanda ke nemana. Inna ta ce in buɗe idona, in yawaita addu'a.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya ba mu da darasi, sai na tafi shagon ba tare da na sanar ba. Na tarar Alhaji ya tafi masallaci, sai ma'aikaciyarsa 'yar ƙasar, wata mai jiki da ke riƙe masa shago. Na zauna a kan kwali ina jira. Ita da sauran 'yan kasuwar sun ɗauka iyakacina gaisuwa da farashi, saboda a hankali nake magana, ina tauna kowace kalma. Matar shagon kusa ta leƙo, suka zauna suna ɓarar 'ya'yan wani fure da suke ci kamar gyaɗa, suna hira da sauri. Maƙwabciyar ta nuna ni da haɓa ta tambaya wace ce wannan da ke yawan zuwa. Ma'aikaciyar ta ce 'yar garin maigida ce. Sannan ta buga teburin da yatsa ta ce fasfon yarinyar yana nan ciki, bai taɓa fita ba, maigida ya ce a bari sai ta zama baƙa, daga nan ba inda za ta. Suka yi dariya. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina latsa waya kamar ban ji ba. Abin da na fara ji shi ne zafin zagi, na ce a raina ni da Allah ya halitta baƙa, wane baƙi kuma ake jira in yi? Sai dai ɗaya maganar, cewa bai taɓa fita ba, ita na ji ta sarai ba kuskure. Na dubi aljihun teburin, ga shi nan kusa da gwiwata, a kulle. Na tashi na ce mata zan dawo, ban jira Alhaji ba.

Duk tsawon hanya ina maimaita jimlar nan a baki kamar mai tilawa, don kada hawa da saukar muryar ya kuɓuce mini, tunda a harshensu in sautin ya karkace ma'ana ta tafi. Na kwana biyu ina juya ta. Wa zan tambaya? 'Yan ƙasarmu da na sani a birnin duk ta hannun Alhaji na san su. Ranar Litinin bayan an tashi daga aji na tsaya har kowa ya fita, na je gaban malama na yi kamar tambayar darasi nake yi. Na ce na ji wata magana a kasuwa, me ake nufi in an ce mutum ya zama baƙi? Ta ajiye littafin da ke hannunta, ta je ta rufe ƙofa, ta dawo ta zauna kusa da ni, abin da ba ta taɓa yi ba.

"A kan wa aka faɗa?" ta tambaye ni.

Na kawar da kai.

"Ba maganar fata ba ce," in ji ta. "Haka ake kiran wanda takardunsa suka mutu yana cikin ƙasa. Ba ya iya hawa jirgi, ba ya iya kama ɗaki, ba ya iya zuwa wurin hukuma ko an zalunce shi. Yanzu gaya mini gaskiya, ina fasfonki?"

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Na gaya mata komai da guntun Sinancina, inda kalma ta ƙare in yi nuni da hannu. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta karɓi lambar Alhaji ta kira shi a gabana, da wata murya da ban san tana da ita ba. Ta gaya masa sunan makaranta da matsayinta, ta ce riƙe fasfon wani laifi ne a dokarsu, in bai iso ba kafin gobe za ta zo shagon da 'yan sanda. Washegari da hantsi wani mai babur ya kawo ambulan da fasfona a ciki. Na buɗe shafi bayan shafi ina neman sabon tambari, babu, yana nan yadda na miƙa shi. Sai ga saƙon murya daga Alhaji, yana cewa bai taɓa ganin butulu irina ba, na haɗa shi da arna, zan gani.

Malama ta raka ni ofishin shige da fice. Jami'in da ya zauna da mu bai wulaƙanta ni ba, ya yi tambayoyinsa ni kuma na amsa da bakina ba tafinta, har ya ɗaga kai ya ce wata nawa na yi ina koyo. Malama ta yi roƙo, ta nuna masa sakamakona, ta ce yaudarata aka yi. Ya ce ya ji, amma na zarce wa'adi kuma da hannuna na ba da fasfon, doka ba ta da wani wuri da za ta ajiye wannan. Aka ci ni tara, aka ba ni 'yan kwanaki in bar ƙasar. Abin da ya faru tsakaninsu da Alhaji ban sani ba, na dai ji daga baya ya ce ajiya na ba shi, kuma shagonsa bai rufe ba. A hanyar komawa malama ta ce da na kawo mata fasfon ranar da ta fara tambaya, aikin safiya ɗaya ne. Na roƙe ta gafara a kan ƙaryar da na yi mata da gudunta da na riƙa yi. Ta ce tun ranar farko ta san ba gaskiya na faɗa ba, abin da ta kasa ganewa shi ne wa nake tsoro, ba ta taɓa kawowa ita ce ba.

Na ɗauka wahalar ta ƙare da na sauka a Kano. Ashe labari ya riga ni isowa gida, kuma ba nawa ba ne. Abin da garinmu ya sani shi ne na bar karatu na shiga yawo da maza, Alhaji ya karɓe fasfona don ya tsare mutuncin Malam, ni kuma na kira masa 'yan sanda, ƙarshe aka koro ni. Mata suka riƙa shigowa barka da dawowa, bakinsu yana gaisuwa idonsu yana kan cikina. In na doshi famfo sai hira ta mutu. 'Yata ta dawo daga makaranta wata rana ta tambaye ni wai da gaske a kurkuku na zauna. Yayana ya ce in yi shiru kawai, wa zai yarda da ni a kan mutumin da ya rufa masallaci? Amma duk wannan bai kai na Baba ciwo ba. Bai zage ni ba, bai tambaye ni komai ba. In na durƙusa na gaishe shi sai ya ce lafiya, idonsa a kan littafi. Haka muka yi shuka, muka yi noma, har gero ya fitar da kai. Ni ma na koma ba na yarda da kowa. Ƙawata ta ƙuruciya in ta zo hira sai in ce an aiko ta ne ta ji bakina. Inna ce kaɗai ta tsaya, ita ma a ɓoye.

Da babbar salla Alhaji ya zo gida. Kwana biyu da salla da la'asar sai ga shi a zauren Baba da dattawa biyu. Zaurenmu bango ɗaya ne da ɗakin Inna, don haka ni da ita muna jin komai. Bayan doguwar gaisuwa ɗaya daga cikin dattawan ya ce alheri ne ya kawo su. Alhaji ya yafe abin da yarinya ta yi masa, kuma saboda darajar Malam yana son ya aure ta ya rufa mata asiri, tunda yanzu da wuya wani ya fito. Alhaji ya karɓa da kansa ya ce maganar takardu ma ba matsala ba ce, in an ɗaura zai san yadda zai mayar da ni can in riƙe masa shago. Inna ta damƙe hannuna.  Can Baba ya yi gyaran murya.

"Alhaji, tambaya ɗaya gare ni. Ranar da ka karɓi fasfon nan, wane ofishi ka kai shi?"

Alhaji ya ce ai kamar yadda ya faɗa, da gangan ya riƙe shi a wurinsa don ya ga take-takenta.

"To amma ni a waya ka rantse mini da Allah yana ofis," in ji Baba. "Wanne ne gaskiya, na jiya ko na yau?"

Alhaji ya fara kame-kame, dattawan suka shiga ba da baki. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na gane. Kai ka tona, shi ya sa ka zo rufewa. Ku gaida gida." Muka ji ƙarar takalma, muka ji mota ta tashi.

Baba ya daɗe a zaure shi kaɗai. Sai gab da magariba ya shigo, ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna, wurin da ba ya tsayawa in muna ciki. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, kuma rabon da in ji wannan suna a bakinsa tun kafin in dawo. Ya ce, "Uwata." Na ce na'am. Ya ce, "Kin kira ni daga nesa kina neman uba, na ba ki wa'azi. Ki yafe mini." Bai jira amsata ba ya juya ya ɗauki buta. Ni da Inna muka zauna muna kuka kamar an yi mana rasuwa.

Yanzu na koma ajina na firamare. Jarrabawar nan ban zauna ta ba, kuma Sinancin yana zubewa daga bakina a hankali don ba ni da abokin yi. Garinmu ya kasu, wasu sun gane, wasu har gobe na Alhaji suka riƙe, shi kuma in ya zo gida a sahun gaba yake salla. Na daina damuwa da wannan. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda aka ɗauki tsorona aka juya shi ya fuskanci inda ba nan haɗarin yake ba. Wanda ya fara ce mini kada in yarda da kowa sai shi, a ranar ya kamata in fara tambayar dalili. Ban tambaya ba saboda yarenmu ɗaya, alƙiblarmu ɗaya, kuma na ga ya durƙusa gaban mahaifina.

Don haka 'yan uwana masu fita karatu ko neman abinci, mata da maza, fasfonku kada ya kwana a hannun kowa, ko wane ne shi a garinku. Maganar biza ku bi ta ƙofar makarantarku ko ofishin da aka tanada, da ƙafarku, tun lokaci bai ƙure ba, kuma duk wanda ya karɓi takardarku ya ba ku shaida a hannu. Wanda ya ce yana da mutum a ciki, ku tambaye shi me ya hana a bi ta waje. Ku kuma iyaye, na san amana kuke nema wa 'ya'yanku in kun haɗa su da wani babba, Allah ya saka muku. Amma in ɗanku ko 'yarku ta kira daga wata ƙasa ta ce hankalinta bai kwanta da mutum ba, ku daure ku saurare ta har ta kai ƙarshe. Wataƙila abin da ta iya faɗa muku kaɗan ne daga abin da ta gani, sauran kunyarku ce ta hana shi fitowa.